Ku Tambaya Mu Amsa: Da Turawa Ba Su Ci Ƙasar Nan Ba, Da Yanzu Ina Muke?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk daga Legas suka zo, kuma duk a kan batu guda suke, wato yadda tarihinmu zai kasance da baƙin da suka shigo Afirka sun shigo ta wata fuska dabam, ko kuma da wasu baƙin ne suka zo a maimakonsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar goro ne a Agege. A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i gardama ta sarƙe. Wasu sun ce da Turawa ba su ci ƙasar nan ba, da yanzu Daular Sakkwato ta kai bakin teku, muna ƙera motocinmu kamar Japan. Wasu kuma sun ce da har yau muna bin ayari da jakuna, ba asibiti ba jirgin ƙasa. Malam, wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kan wani zato wanda ba daidai ba ne, shi ne cewa ƙasar Hausa a rufe take har ranar da sojojin Lugga suka fasa ganuwar Kano a watan Fabrairu na 1903. Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun zo daga Mali da addini da fatauci tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, kuma Shehu Magili ya zo daga Arewacin Afirka a zamanin Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma yawancinsu sun shiga gonakin Afirka tun kafin wani Bature ya karɓi haraji a hannun kowa. Saboda haka baƙo ba sabon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya sauya a ƙarshen ƙarni na 19 shi ne wanda ke gindaya sharaɗi. Da, baƙo yakan sauka a zango, ya kai gaisuwa fada, ya yi cinikinsa bisa dokar sarkin gari. Daga baya sai ya zama shi ne mai naɗa sarkin, shi ne kuma mai tuɓe shi.

Abubuwan da suka ba Turawa wannan rinjaye sanannu ne. A 1841 Ingila ta aiko da jirage kogin Kwara, zazzaɓi ya kashe Turawan ciki da yawa, tafiyar ta watse. A 1854 kuwa Likita Baikie ya shiga Kwara da Binuwai yana ba mutanensa maganin kwinin, ya fito ba tare da ya rasa ko mutum guda ba. Bayan maganin zazzaɓi sai jirgin ruwa mai inji, sai bindiga mai ruwa wadda aka ƙera a 1884, sannan yarjejeniyar Burasels ta 1890 wadda ta taƙaita sayar wa mutanen Afirka makamai na zamani. Duk wanda zai yi tunanin wani tarihi dabam, to ya sani waɗannan abubuwa suna nan daram, ba ya da ikon share su don labarinsa ya yi daɗi.

Idan ana neman mararrabar da hanya za ta iya sauyawa, ni a ganina sai a koma 1824, lokacin da Kyaftin Clapperton ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila Joj na Huɗu wasiƙa, ya nuna yana son ciniki, kuma an yi maganar a turo masa ƙaramin jakada da likita. Clapperton ya komo ta Badagiri, nan kusa da ku, amma ya tarar Sakkwato na yaƙi da Borno, ga shi kuma yana ɗauke da kyauta zuwa ga Shehu Laminu, an kuma riga an gaya wa Bello yadda Ingila ta shiga Indiya da sunan ciniki. Magana ta lalace, Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827. To mu ɗauka maganar ta ɗore, an sami jakada a Sakkwato shekara saba'in da wani abu kafin zuwan Lugga, kaya suna hawa Kwara, 'ya'yan malamai suna koyon ƙira da likitanci. Ina wannan hanya za ta ɓulle?

Ba sai mun yi duba ba, domin akwai ƙasashen Afirka da suka bi ta. Masar ta kafa masana'antu da makarantu da rundunar zamani tun zamanin Muhammadu Ali, aka buɗe mashigin Suwes a 1869, amma bashin bankunan Turai ya yi mata katutu, har mai mulkinta Khedibi Isma'ila ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na mashigin a 1875, sannan sojojin Ingila suka mamaye ƙasar a 1882. Tunisiya ta yi tsarin mulki rubutacce a 1861, masu bin ta bashi suka karɓe ragamar baitulmalinta a 1869, Faransa ta haɗiye ta a 1881. Nan maƙwabtanku, Egbawan Abekuta sun sami yarjejeniya a 1893 wadda ta amince da 'yancinsu, suka kafa gwamnatinsu mai ofisoshi da ma'aikata a 1898, amma a 1914 aka haɗe su cikin Nijeriya. Habasha ce ta tsira, domin Sarki Menelik ya tara bindigogi na zamani, ya haɗa kan sarakunan da ke ƙarƙashinsa, ya yi ta haɗa Turawa gasa da juna, har ya karya rundunar Italiya a Adwa a 1896. Hukuncina shi ne, da Sakkwato ta buɗe wannan ƙofa tun zamanin Bello, haɗarin da ya fi kusa da ita bashi ne da yarjejeniyar da ake sa hannu ba a san abin da ke cikin fassararta ba, kafin a zo maganar igwa.

Masu cewa da mun zama Japan suna da abin kafa hujja. Daular tana da alƙalai da rubutacciyar shari'a, da wasiƙun da ke kai-komo tsakanin waziri da sarakuna, da tsarin haraji, da masana'antar saƙa da rini wadda ta ba Heinrich Barth mamaki sa'ad da ya zo Kano a 1851. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke samarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Amma akwai abubuwa biyu da 'yan majalisarku ya kamata su haɗiye ko da da ɗaci. Na farko, zancen kaiwa bakin teku an gwada shi. Dawakin Ilori sun nausa kudu, mayaƙan Ibadan suka tare su a Oshogbo wajen 1840, ga kurmi ga ƙudan tsando mai kashe doki. Daular da ba ta da tashar jiragen ruwa kuwa, duk bindigar da za ta saya sai ta bi ta hannun wani. A cikin gida ma ba lafiya lau ake ba: Rabe ya ci Borno a 1893, Kano kuma ta faɗa yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufawa a wannan shekarar.

Na biyu shi ne bauta, kuma a nan ne Bahaushen Legas ya kamata ya fi kowa natsuwa. Arzikin daular ya dogara ƙwarai a kan bayin da ke noma a rinji da gandu, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 an gangaro da su kudu an sayar. Wasu sun tsinci kansu a Bahiya ta ƙasar Birazil, inda Hausawa suka yi yunƙurin tawaye a 1807, kuma Musulmi bayi da 'yantattu suka yi babban boren 1835. Wasu suka maƙale a ƙasar Yarabawa, kuma daga cikin irinsu, waɗanda suka gudu daga hannun iyayengijinsu, Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas a 1863, wadda sojan Nijeriya ke kallo a matsayin tushensa. Mai yin mafarkin daular da ba a taɓa ba yakan ɗauka shi ɗan sarki ne ko ɗan malami a cikinta, alhali yana iya kasancewa jikan wanda aka ɗaura wa igiya a wuya. Turawan ma ba su yi gaggawar kawar da bautar ba, domin sai a 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa.

Su kuma masu zancen jakuna, hujjarsu ta fi rauni. Habasha ta sami layin dogo daga Jibuti zuwa Adis Ababa a 1917 tana da 'yancinta, Japan da Tailan kuma sun sami asibiti da jirgi ba tare da wani gwamna Bature ya zauna a kansu ba. Sana'arka ma shaida ce. Goro daga Gwanja ake ɗauko shi a kan jaki, wata da watanni ana tafiya ana yayyafa wa huhu ruwa kada ya bushe, amma da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka ga jirgin ruwa na zirga-zirga tsakanin Ankara da Legas, ba wanda ya yi musu dole suka loda goronsu a ciki. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, auduga Turawa suka sa rai za su kwasa domin masaƙun Ingila, manoma da 'yan kasuwar Kano kuwa suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Mutanen da suka yi wannan lissafi ba za su zauna shekara ɗari suna kallon jirgi daga nesa ba.

TAMBAYA: Malam, ni malamar Islamiyya ce a Idi-Araba. Na ji ɗalibaina suna irin wannan hira, sai na tuna hadisin da ya hana mutum cewa da na yi kaza da kaza ya faru. Shin wannan tunani bai saɓa wa imani da ƙaddara ba?

AMSA: Malama, Allah ya ƙara ilimi. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, kuma malamai sun yi bayanin cewa abin da aka hana shi ne faɗin haka cikin baƙin ciki da ƙin yarda da hukuncin Allah bayan musiba ta auku. Imamu Buhari ya ware babi guda a Sahihinsa a kan wuraren da faɗin hakan ya halatta, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi irin wannan furuci a hajjin ban kwana game da kora hadaya. Masanin tarihi idan ya ce da kaza bai faru ba da kaza ne zai biyo baya, sababi yake aunawa, yana son ya gane wanne ne ya fi nauyi. Idan ɗalibanki suka tsaya a nan, to karatu suke yi. Idan kuwa hirar ta koma zagin zamani da zaman jiran daular da ba za ta dawo ba, sai ki ja musu kunne.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Legas. Tambayata ita ce, da Turkawa ko Larabawa ne suka mallake mu a maimakon Ingila, ba zai fi mana sauƙi ba tunda addininmu ɗaya? Kuma na karanta cewa Sinawa sun riga Turawa zuwa Afirka.

AMSA: 'Yata, idan kin sami sarari ki shiga cikin Ikko ki nemi masallacin Shitta-Bey a titin Martins. Ƙaramin gini ne a tsakiyar hayaniyar 'yan kasuwa, fuskarsa irin ginin Birazil ce, domin magini daga cikin waɗanda suka komo daga can ne ya yi aikin. Muhammadu Shitta, attajirin da ya biya kuɗin ginin, a Saliyo aka haife shi. Ranar da aka buɗe masallacin a 1894, Gwamna Carter na Ingila yana wurin, kuma Sarkin Santambul Abdulhamid na Biyu ya aiko da sarautar Bey ta hannun Abdullahi Quilliam, wani lauya Bature daga Libaful da ya musulunta. Wannan shi ne iyakar abin da Turkawa ke iya yi a lokacin, wato aiko da lambar girma. Sun halarci taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka tsara rabon Afirka, amma a matsayin daular da ake yagar namanta: Aljeriya ta tafi tun 1830, Tunisiya da Masar sun bi, Libiya ma Italiya ta ƙwace ta a 1911 zuwa 1912. Lokacin da suke da ƙarfi, a ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Borno ya aika da jakadu Santambul, ya kuma yi amfani da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa, amma hamada ta yi faɗin da ba su iya kafa mulki a wannan gefen nata ba.

Maganar cewa addini ɗaya zai sa mamaya ta yi sauƙi kuwa, an riga an jarraba ta. A 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aiko da runduna ƙarƙashin Judar Pasha, suka ƙetare Sahara da bindigogi, suka karya Askiya Ishaƙa na Biyu a Tondibi. Musulmi ne suka ci Musulmi saboda zinariya da gishiri. Daular Songai ta wargaje, aka kama malaman Tambutu, aka tafi da Ahmad Baba Marrakesh a 1594, aka wawashe littattafansa. Maroko ba ta iya riƙe ƙasar ba, kuma ba a sake samun daula mai girman Songai a wannan yanki ba. A gabashin Afirka, da Sayyid Sa'id na Oman ya mai da fadarsa Zanzibar, gonakin kanumfari sun bunƙasa, amma da ƙarfin bayin da ake kamowa daga cikin ƙasa. Abin da zan yarda da shi shi ne, a ƙarƙashin Turkawa da wuya a ture ajami a ɗora boko kamar yadda aka yi bayan Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma da ba a mai da malamin da ya haddace littafin fiƙihu na Muhtasar jahili a ofishin gwamnati ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ki tuna su kansu Turkawan sun yar da haruffan Larabci a 1928.

Sinawa kuwa, gaskiya ne jiragen Zheng He sun iso Mogadishu da Malindi a farkon ƙarni na 15, har aka kai raƙumin dawa fadar Sin. Sun karɓi kyauta, sun ba da kyauta, suka koma, fadar kuma ta dakatar da tafiye-tafiyen bayan 1433. Ba su zo yammacin Afirka ba.

TAMBAYA: Ina sayar da tumatir da albasa a kasuwar Mile 12, kuma iyayena daga Maraɗi suke. Da Faransa ko Jamus ce ta ci Kano da Sakkwato, da Hausawa duk muna ƙasa ɗaya ke nan?

AMSA: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kusa da yiwuwa a cikin duka, domin tazarar da ta hana ba ta da yawa. A 1885 Joseph Thomson ya yi sauri ya isa Sakkwato da Gwandu ya samo takardun yarjejeniya wa kamfanin Goldie na Ingila, ya riga Bajamushe Flegel da mutanensa. A wannan shekarar ma Jamusawa sun kafa tuta a Mahin, gabas da Legas, kafin su janye. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Sayi zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, kuma daga wannan layi, bayan gyare-gyare, aka sami iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Kano da Damagaram. A 1894 Lugga ya riga wani hafsan Faransa isa Nikki a ƙasar Bargu da 'yan kwanaki kaɗan. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya karkata, da taswirar ta sauya.

Na Jamus ba shi da tsawo, domin ta rasa Togo a 1914 da Kamaru a 1916, aka raba su tsakanin Ingila da Faransa, kuma da ta riƙe mu haka za a yi da mu. Na Faransa kuwa dangin iyayenka sun ɗanɗana. Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone garuruwa a 1899, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, a shekarar ce kuma aka ci Damagaram aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 Faransawa suka tuɓe magajinsa suka kore shi, sarautar ba ta dawo ba sai bayan shekaru. Aikin dole bai ƙare a ƙasashen da Faransa ta mallaka ba sai a 1946. Ingila ba don tausayi ta bar sarakunan Arewa a kan karagarsu ba, ƙarancin ma'aikata da tsimin kuɗi ne suka sa ta, kuma abin da ta yi wa mutanen Satiru a 1906 ya isa shaida. Duk da haka, sarautar Kano da kotunan alƙalai da ƙarfin Hausa a rubuce, har da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da wuya su sami irin wannan fili a ƙarƙashin Faransa, wadda makarantunta ba su san wani harshe ba sai Faransanci.

Saboda haka e, mai yiwuwa ne da Hausawa suna ƙasa ɗaya, kuma da ita ce ƙasa mafi yawan jama'a a cikin masu kashe sefa. Amma ƙasa ce da ba ta da teku, kuma da ba a yi haɗewar 1914 ba, da kuɗin man fetur na Neja Delta bai taɓa gina ko gada ɗaya a Kano ba. Layin dogon da Faransa ta faro daga Kwatano da niyyar kaiwa kogin Kwara a Faraku ya tsaya a 1936, bai ƙarasa ba. Hausawa za su zo Legas ko ta yaya, kamar yadda suka je Kumasi da Ankara suka kafa zango, amma a matsayin baƙi masu takardar zama, irin waɗanda Gana ta kora a 1969. Tirelar da ke sauke maka kwandunan tumatir da asuba kuwa, sai ta kwana a bakin iyaka tana jiran hatimin kwastan, kai ma ka san abin da kwana biyu a rana ke yi wa tumatir.